Jan cocin Malaka: wa ya gina shi?

Ka tambaya ko Ingilishi ne suka gina jan cocin nan na Malaka, a ƙasar Malesiya, tunda na Anglikan ne. A'a, ɗan'uwa, gadonsa suka yi.

Mutanen Holan ne suka ƙwace garin daga hannun Fotugal a 1641. Suka tarar da cocin Katolika a kan tudu, suka mayar da shi nasu na Furotesta. Sai a 1741, da mulkinsu ya cika shekara ɗari, suka ɗaura aniyar gina sabo a gindin tudun. Aikin ya ci shekara 12, aka gama a 1753.

Yarjejeniyar 1824 tsakanin Holan da Birtaniya ce ta miƙa Malaka ga Birtaniya. A 1838 Bishop Daniel Wilson na Kalkata, a Indiya, ya keɓe ginin ga Anglikan, aka sa masa suna Christ Church.

Jan fentin da ya ɗauke maka ido kuwa baƙo ne: fari ne ginin tun asali, sai 1911 aka shafe shi da ja. In ka shiga, dubi ƙasa, akwai tsoffin duwatsun kabari a daɓen, wasu da rubutun Armeniya.