Me ya sa waƙoƙin faifan Japan ba sa kama da juna?

Ɗan'uwa, ka ce ka saurari faifan da aka tattara waƙoƙin Japan a ciki, kowace da salonta, har kana zargin an haɗa da na wasu ƙasashe. Ba a cuce ka ba, duk na Japan ne.

Wadda ka ji tana da daɗin rausaya, mata na amshi, ina kyautata zaton ta Okinawa ce, can kudu. Okinawa masarauta ce ta daban mai suna Ryukyu kafin Japan ta haɗe ta a 1879, shi ya sa kiɗansu ya fita daban. Suna kaɗa sanshin, mai tsirkiya uku kamar molo, an rufe ƙoƙonsa da fatar mesa. Daga shi shamisen, wani molon Japan mai tsirkiya uku, ya samo asali. A Tsugaru kuwa, can arewa mai sanyi, dukan shamisen ake yi da ƙarfi da sauri, salon da makafi masu bin gida-gida suka bari. Ni wannan ne ya fi ratsa ni, kana jin ƙarar abin kaɗa tsirkiyar yana bugun fata.

Sarewar gora mai sanyin murya ita ce shakuhachi, ramukanta biyar kacal. Akwai kuma koto mai tsirkiya 13. Ka kasa kunne ga kotsuzumi, ƙaramar ganga mai siririn ƙugu, ana matse igiyoyinta don sauya sauti, kamar dai kalangu.

Na zamanin kuma matasa ne ke haɗa waɗannan da jita da kwamfuta. Ka duba bayanin faifan, galibi ana rubuta yankin kowace waƙa.