Ɗigon leza da na hotuna sun ƙi haɗuwa: me zan saya?

Tambaya: Na auna wani gini daga ƙasa da sikanar leza, rufin kuma na ɗauke shi da hotunan jirgi marar matuƙi. Kowannensu ya ba ni tarin ɗigo masu nuna siffar ginin a kwamfuta, amma da na ɗora tarin biyu a kan juna, sai bango ya fito biyu-biyu. In sayi manhaja mai tsada ne?

Amsa: Dakata tukuna, Malam. Manhajar CloudCompare kyauta ce, kuma za ta yi maka aikin. Tushen matsalar shi ne leza tana auna nisa na gaskiya, hotuna kuwa siffa suke bayarwa, girman sai an gaya musu. GPS ɗin ƙaramin jirgi ma yakan kauce da mita ɗaya ko fiye. Don haka ka bar ɗigon leza a inda suke, na hotuna su biyo su.

Fitar da aikin leza a fayil na E57, wato nau'in fayil na adana tarin ɗigo, ka buɗe shi tare da na hotuna a CloudCompare. Zaɓi wurare huɗu ko fiye da ke fitowa sarai a duka biyun: kusurwar taga, bakin rufi, gefen matakala. Ka warwatsa su, wasu sama wasu ƙasa, kada su zo kan layi ɗaya, in ba haka ba ginin zai karkata. Ka kunna gyaran girma, don girman na hotuna ya yi daidai da na leza.

Sai ka koma kan ICP, wato umarnin daidaitawa da ke cikin manhajar, wanda ke matso da kowane ɗigo kusa da takwaransa. A nan ake yawan tuntuɓe. Goge bishiyoyi, motoci da gilashi tukun. Sannan ka gaya wa manhajar gaskiyar yawan abin da ɓangarorin suka yi tarayya a kai. Idan leza ba ta ga rufi ba, ka bar adadin a kashi 100, za ta jawo rufin ƙasa da ƙarfin tsiya. In an gama, yanki siririn yanki na bango ka duba ko layi ɗaya ne.

Manhajojin Metashape da RealityScan suna karɓar leza da hotuna tare. Su za ka nema in kana son launin hoto ya hau kan siffar.

Tambaya: Cikin alamomin da ake ajiyewa a wurin awo don haɗa tarin ɗigo, ƙwallaye zan saya, ko alluna masu zanen dara?

Amsa: Ƙwallo na haɗa leza da leza ne, domin tsakiyarsa ɗaya ce ta ko'ina. Tunda da hoto a aikinka, Malam, buga allunan baƙi da fari a takarda marar ƙyalli, ka manna a katako don kada iska ta lanƙwasa su. Ka baza shida zuwa takwas, ka ware biyu kada su shiga lissafi, da su za ka auna kuskuren ƙarshe.