Ciwon wuya da baya ya addabi telolina: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar ɗinkin kayan makaranta, da teloli maza da mata masu aiki a kan kekunan lantarki tun safe har bayan la'asar. Kusan kowa yana kukan ciwon wuya da kafaɗa da ƙugu, wasu kuma sun ce yatsunsu na mutuwa da dare. Maganin ciwon jiki ya zama kamar goro a wurin. Ba ni da ƙarfin sauya kekuna. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri da ka damu da lafiyar mutanenka. Ba sai ka sayi keke ko ɗaya ba. Galibin wannan ciwo daga zama yake, domin tebur ɗaya da kujera ɗaya ake ba dogo da gajere, jikin tela ne yake lanƙwasa kansa ya dace da su har tsawon awa takwas ko tara.

Gyaran yana da tsari, kuma in aka saɓa tsarin sai a yi ta maimaita aiki: feda da farko, sannan kujera, sannan tebur.

Feda ta kasance daidai ƙarƙashin allura, yadda tela zai fuskanci allura kai tsaye ba tare da murɗa ƙugu ba. A yawancin kekunan masana'anta ana iya kwance noti a matsar da ita hagu ko dama. Tafin ƙafa ya zauna a kanta gaba ɗaya. Wanda yake taka ta da ƙafa ɗaya, a sa masa guntun katako mai tsayi ɗaya da fedar a ƙarƙashin ɗaya ƙafar, in ba haka ba ƙugunsa a karkace zai wuni. Sandar nan da ake turawa da gwiwa don ɗaga ƙafar da ke danne yadi, a saita ta kusa da gwiwa, kada sai an buɗe cinya kafin a kai gare ta.

Kujera ita ce uwar matsalar, kuma a nan muke ba ka shawarar ka kashe ɗan kuɗin da kake da shi. Benci da kujerar roba ba na wannan aiki ba ne. Ana buƙatar kujera mai hawa da sauka, kamar daga santimita 40 zuwa 55, mai abin jingina da zai tokare ƙasan baya, marar hannuwa domin su kan hana matsowa jikin tebur, kuma marar taya, saboda duk takun feda sai ta ja da baya. Idan tela ya zauna da ƙafa a kan feda, ƙugu ya ɗan ɗara gwiwa tsayi kaɗan. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku, bakin kuma ya zama mai lanƙwasa ƙasa, don kada ya danne jijiyoyin cinya ƙafa ta yi ta kumburi. An gwada wannan a kan masu ɗinki a masana'antun Los Angeles na Amurka, aka wallafa sakamakon a 2007: waɗanda aka ba kujera mai daidaita tsayi sun samu sauƙin ciwon wuya da kafaɗa cikin wata huɗu. In kuɗi bai kai ba, kafinta zai iya yi wa kowane tela kujera a kan ma'auninsa, a sa soso mai tauri, a rubuta sunansa a jiki don kada a riƙa musanyawa.

Sai tebur. Tela ya zauna, ya saki kafaɗunsa, ya lanƙwasa hannu. Saman tebur ya zo daidai gwiwar hannu, ko ya ɗara ta da santimita biyu zuwa biyar. In ya yi sama da yawa, kafaɗu a ɗage suke wuni, daga nan zafin nan na tsakanin wuya da kafaɗa yake fitowa. In ya yi ƙasa, sai sunkuyo. Ƙafafun ƙarfe na waɗannan kekuna suna da ramukan noti, mutum biyu da sifana sun isa su ɗaga ko su sauke. A duba kada tiren mai na ƙarƙashi ya danne cinya. Wanda zai iya karkato da tebur wajen tela da kamar digiri 10, ta hanyar ɗaga ƙafafun baya, zai ga allura ba tare da ya miƙa wuya ba, amma a nemi makaniki ya duba matakin man keken, tun da karkatawa tana taɓa shi. Gefen tebur mai kaifi kuma a goge shi ko a lulluɓe, domin a kansa wuyan hannu yake kwanciya.

Akwai abin da ake yawan mantawa: ko an gyara kujera, mutumin da ba ya ganin allura sai ya sunkuya. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo biyar, kuma duk ƙarin sunkuyo ƙarin nauyi ne a kan tsokar wuya. Ƙwai ɗaya a rufin ɗaki ba ya isa, musamman a kan yadi mai duhu irin shuɗin kayan makaranta. A maƙala wa kowane keke ƙaramar fitila mai haska bakin allura daga gefe. Telan da ya haura shekara 40 yana kai fuska jikin keke wajen zura zare, a tura shi gwajin ido. Sau da yawa tabarau ne maganin wuyansa.

Tarin yankakken yadi a ɗora shi a kan ɗan teburi daidai da tsayin keke, inda hannu zai kai ba tare da juyawa ko duƙawa ƙasa ba. Almakashi a riƙa wasa shi, dakusasshe yana cin babban yatsa. Masu guga da masu yanka da ke wuni a tsaye, a shimfiɗa musu roba mai kauri a kan siminti, da katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15 da za su riƙa ɗora ƙafa ɗaya suna sauyawa. Duk sanda injin lantarkin da ke juya keke, irin mai kuloci, ya lalace, a maye shi da nau'in servo, wanda ba ya juyawa sai an taka, ƙara da girgiza sun ragu sosai.

Hutu kuma sai ka sa shi cikin dokar aiki da bakinka. Wanda ake biya a kan yawan abin da ya ɗinka ba zai tashi don kansa ba, balle gab da komawa makaranta ko Sallah. Kowane minti 45 zuwa awa ɗaya, kowa ya miƙe na minti biyu, ya miƙar da baya, ya juya kafaɗu, ya dubi nesa.

Masu mutuwar yatsu kada su jira gyaran tebur. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya ne suke mutuwa har su tashi mutum daga barci, alama ce ta matsewar jijiya a wuyan hannu, kuma jinkiri yana iya raunana riƙo. Su ga likita. Haka mai ciwon baya da ke sauka cikin ƙafa. In kuwa ya haɗu da raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a kai shi asibiti a ranar. Shan irin su ibuprofen da diclofenac kullum ba da umarnin likita ba yana jawo gyambon ciki, yana kuma cutar da ƙoda.