Tsohuwar laftof da Windows 11: duba lambar furosesa tukuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi HP EliteBook 840 G3 ta hannu, Core i5, RAM 8GB. Mai shago ya ce za ta ɗauki Windows 11, amma da na gwada sai ta ce ba ta cika sharuɗɗa ba. Ina matsalar take? — Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam, Malam. Sunan Core i5 shi kaɗai ba ya isa hujja, zubin furosesar (generation) ake dubawa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka nemi layin Processor. A irin wannan laftof za ka ga i5-6200U ko i5-6300U. Wannan 6 ta farko ita ce zubi na shida, Microsoft kuwa daga zubi na 8 ya fara karɓa a Intel, in ban da ƙalilan na bakwai. A kula: i5-1135G7 zubi na 11 ne, ba na ɗaya ba.

Ƙarin RAM ko sabon SSD ba zai sauya wannan ba, kuma furosesar liƙe take da allon injin, ba a cire ta. Kada a ci kuɗinka da sunan canji.

Wanda tasa zubi na 8 ce ko sama, ta kuma ƙi, sau da yawa TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata, ita ce a kashe. Ya danna Windows tare da R, ya rubuta tpm.msc ya duba. In ba a ganta ba, ya shiga BIOS, wato saitin injin da ake buɗewa lokacin kunnawa (maɓallin F10 a HP, F2 a Dell), ya kunna ta. Wasu injinan suna kiranta PTT, na AMD kuma fTPM. Idan msinfo32 ya nuna Legacy (tsohon tsarin tashin inji) maimakon UEFI (sabon), sai an mayar da faifan daga tsohon tsarin rabo na MBR zuwa GPT, bayan an kwafe muhimman fayiloli.

Masu gyara kan tsallake binciken sharuɗɗan da Rufus, manhajar ɗora Windows a filasha, kuma Windows 11 takan tashi lafiya. Sai dai Microsoft bai yi alkawarin sabunta irin wannan ba. Injinan zamanin Core 2 Duo ma sigar Windows 11 ta 24H2 ba ta tashi a kansu sam, don furosesarsu ba ta da umarnin POPCNT da sigar ke buƙata.

Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. In aikinka rubutu ne da intanet, mu dai Linux Mint, madadin Windows, za mu zaɓar maka; da 8GB ɗin nan za ta yi gudu sosai.