Matambayi Ba Ya Ɓata: "Sun ce hulɗa da jama'a ba aikin matar aure ba ne"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na karanci aikin jarida, na gama bautar ƙasa, yanzu wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano ya ɗauke ni jami'ar hulɗa da jama'a. An sa bikina bayan Babbar Salla. Shi angon bai ce uffan ba, amma yayarsa ta aika wa Ummata cewa aikin na masu buɗaɗɗen ido ne, kullum ana otal ana washe wa maza baki. Umma ta ce in haƙura in nemi koyarwa. Yaya zan yi?
Ƙanwarki daga Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.

Kada ki ji haushin yayar tasa tukuna, domin abin da ta faɗa ta gani ne da idonta. Akwai ofisoshin da ke ɗaukar yarinya kyakkyawa su laƙa mata sunan jami'ar hulɗa da jama'a, alhali aikinta tarbar baƙi ne da riƙe faranti mai almakashi ranar yanka zare. Ni kaina a shekarata ta farko a wannan aiki, shugabanmu ya taɓa miƙo mini butar shayi a gaban 'yan jarida, ni da na kwana ina rubuta jawabin da yake karantawa. Na zuba shayin. Washegari na shiga ofishinsa da takardar ɗaukata aiki, na roƙe shi ya nuna mini layin da aka ambaci shayi. Bai sake ba.

Saboda haka ki fara da takardar. Me aka rubuta za ki yi? In kin ga rubuta sanarwa ga manema labarai, kula da shafukan kamfani a Facebook, amsa koken dillalai da manoma, shirya wa shugaba jawabi, to aikin ne na gaskiya, kuma mafi yawansa a kan kujera ake yin sa gaban kwamfuta. In kuwa suka ce "ai za ki gani in kin fara", ki yi taka-tsantsan. Sana'a ce mai doka: cibiyar ma'aikatan hulɗa da jama'a ta Najeriya, NIPR, an kafa ta a 1963, kuma dokar 1990 ta wajabta wa mai yin aikin ya yi rajista da ita. Ki yi rajistar, tana ƙara wa mutum kwarjini.

Bari in ba ki abin da ya sa nake cewa wannan aiki yana buƙatar mata a Arewa. Wata rana motar kamfanin da nake wa aiki ta kaɗe wani yaro a wata unguwa, Allah ya yi masa rasuwa. Matasa sun taru za su ƙona mana ɗakin ajiya. Manajoji maza suka je, iyakarsu tabarmar ƙofar gida, an rubuta "ba shiga" a zaure. Ni na tuɓe takalmi na shiga, na zauna kusa da mahaifiyar, ta riƙe rigar makarantarsa a cinya ba ta ko kallona. Kwana uku ina komawa, ban ɗauki takarda ko ɗaya ba. Ranar sadakar uku ita ta aika aka kira ƙanen mijinta, ta ce a kori yaran nan daga bakin titi. Wane namiji ne zai kai wannan ɗaki? Haka aka yi da allurar shan inna: bayan Kano ta dakatar da ita a 2003, mata masu bi gida-gida suna cikin waɗanda suka dawo da yardar iyaye, har aka wanke Najeriya daga cutar a 2020.

Ki tuna wa Umma da marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan jaridar Sunday Triumph a nan Kano, daga baya New Nigerian a Kaduna, tana cikin waɗanda suka kafa FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015. Cikin maza ta yi aikinta, da lulluɓinta, ba wanda ya raina ta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne shirun angon. Shirun saurayi kafin aure ba yarda ba ce, sau da yawa ajiya ce. Ki zaunar da shi, ba ta waya ba, ki faɗa masa komai dalla-dalla: za a riƙa kiranki da dare in matsala ta taso, 'yan jarida maza za su sami lambarki, wani lokaci akwai tafiya Abuja, akwai liyafar da ke kaiwa bayan isha'i. Ki ji wanne zai ɗauka, wanne ba zai ɗauka ba. Liyafar dare kina iya roƙon kamfani ya tura abokin aikinki, ni ma haka na yi shekara da shekaru. In ya amince, waliyyinki ya ji daga bakinsa kafin a shafa fatiha.

Ita kuma yayar, ki kai mata gaisuwa da kanki, da ɗan turarenki a jaka. Ke ce fa mai hulɗa da jama'a, ki fara gwada hannunki a kanta.