Shin Juyin Halitta Yana Nufin Ƙaruwar Sarƙaƙiya?

Tambaya: Malam, na karanta cewa rayuwa ta faro ne daga halittu masu tantani ɗaya (wato ƙwayar halitta guda tak). Shin juyin halitta kullum yana tafiya ne daga mai sauƙi zuwa mai sarƙaƙiya? Kuma da me ake auna sarƙaƙiyar?

Amsa: A'a, ka'idar juyin halitta, wato sauyawar halittu sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, ba ta faɗi haka ba. Abin da Charles Darwin ya bayyana a 1859 shi ne cewa halittar da ta fi dacewa da muhallinta ita ce ta fi barin zuriya, ko dacewar ta zo ta hanyar ƙarin gaɓoɓi ko ta hanyar rage su. Tsila, wadda ke zaune a hanjin mutum da dabba, ba ta da baki ko hanji, domin tana tsotsar narkakken abinci ta fatarta, alhali danginta da ke rayuwa a ruwa suna da su. Haka wasu kifayen kogunan dutse na Meziko suka rasa idanu a cikin duhu.

Gaskiya ne cewa halittu mafiya sarƙaƙiya a yau sun zarce na shekaru biliyan 3.5 da suka wuce. Sai dai masanin juyin halitta Stephen Jay Gould ya kwatanta lamarin da mai tangaɗi a gefen bango: tunda bangon ya tare masa ɓangare guda, dole ya nisanta zuwa ɗayan ko da bai yi niyya ba. Rayuwa ta fara ne daf da iyakar sauƙi, saboda haka faɗaɗarta ta nufi ɓangaren sarƙaƙiya, amma har gobe bakteriya sun fi dabbobi yawa nesa ba kusa ba.

Batun ma'auni ya fi wuya, kuma a ganina nan ne tushen ruɗanin. Idan da tsawon DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, za a auna, albasa ta ninka mutum kusan sau 5. Idan da yawan ƙwayoyin gado masu sarrafa furotin ne, mutum yana da kimanin 20,000, kusan daidai da wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita 1. Shi ya sa masana da dama suka fi karkata ga ƙidaya ire-iren tantanin jiki, inda aka saba lissafa wa mutum kimanin 200. Wannan ma'aunin ma yana da rauni, domin ba ya nuna yadda sassan ke hulɗa da juna, kuma bai amfanar wajen kwatanta halittu masu tantani ɗaya.