Nisan Maraɗi da Damagaram a jirgin sama

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin Maraɗi da na Damagaram, da kuma lokacin da tafiyar take ci. A miƙe ta sama, nisan ya kai kimanin kilomita 200, alhali titin da ya bi ta Tasawa ya ɗara haka da kilomita talatin da wani abu. Jirgi mai farfela da ke gudun kilomita 450 a awa zai iya sauka cikin minti 35 zuwa 40, domin a gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da saukowa ne ke cinye yawancin lokacin. Sai dai ka lissafa da zaman jira a fili, musamman lokacin hunturu, domin hazo yakan hana jirgi sauka.